'Yar Kawu Da Ba Mu San Sunanta Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, wani da safe wani da yamma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma da hantsin wata Talata a Riyad, yana tsaye a bakin gadon mara lafiya da hoton ƙashi a hannunsa. Zuciya ce ta tsaya. Kafin azahar labari ya zagaye unguwannin Ulaisha da Gubaira, bayan la'asar aka yi masa sallah, kafin magariba an rufe shi.

Kwana uku falona a Gubaira bai huta ba. Matan likitoci da na injiniyoyi suka cika shi, abayoyi jibge a bayan ƙofa, kowace na faɗin abin da ya zo bakinta. Wata ta ce ya yi dace, jama'ar da ta yi masa sallah ko a gida ba zai samu irinta ba. Wata ta ce ita tun zuwanta ƙasar nan ba ta taɓa ganin haƙorinsa ba, wata ta ce ai don ba ki taɓa karyewa ba ne, da kin sha dariya. Matar wani injiniya ta yi mini gaisuwa da hawaye shaɓe-shaɓe, sannan ta sunkuyo ta tambaye ni ko na san wanda za a ba gidan da ya bari. A wajen maza kuma wani tsohon Balarabe da Kawu ya gyara wa ƙugu ya zo da butar gahawa da kwalin dabino. Ya yi wa maigidana ta'aziyya tsaf, daga nan ya tambaya wa zai cire masa ƙarfen da ke jikinsa yanzu. Sai ya fashe da kuka.

Ni ban ga kabarin ba, a can ko ziyara ba a barin mata su shiga maƙabarta. Maigidana ya ce fili ne shafe, layi bayan layi, dutse ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, ba suna ba komai. Na tambaye shi ko zai gane wurin. Ya ce yau dai zai gane.

Duk mai shigowa maganarta ɗaya ce: Allah sarki, bai bar baya ba. Ni kuma ina sunkuye ina amsa amin. Alhali ya bar baya. Yana da 'ya mace a Rasha, na girme ta da 'yan shekaru, kuma har zuwa yau da nake rubuta wannan ba a gaya mata ubanta ya rasu ba. Laifin nawa ne, zan zo wurin.

Kawu ya tafi Rasha karatun likita ba da daɗewa da samun mulkin kai ba. Ya shekara bakwai a wani gari da na san sunansa, amma sanin bai amfane ni ba, don ya ce garin ya fi Kano girma. A can ya auri wata 'yar ajinsu, suka haifi mace. Da ya gama karatu hukuma ta ce ya tattara ya tafi, matar kuma ta ce ba za ta bar tsohuwarta ita kaɗai ba. Ya dawo da akwati ɗaya, yarinya na da shekara uku. A gidanmu ba a tayar da maganar. Ya yi aure a gida, matar, wadda muke kira Inna, ta rasu ba su haihu ba, bai ƙara ba. Daga baya ya je Ingila ya ƙware a kan ƙashi, kuma takardar Ingila ce ta kawo shi Riyad. Ta Rasha bai nuna wa kowa ba.

Wanda bai zauna Riyad a shekarun tamanin ba ba zai gane dalili ba. Rasha na yaƙi a Afganistan, a ƙofar masallatai ana tara taimako, a huɗuba ana tsine wa 'yan gurguzu. Ba su da ofishin jakadanci a ƙasar. Mu kuwa kowa a kan iƙama yake, takardar zama wadda igiyarta ke hannun wanda ya ɗauke ka aiki. Ba mu taɓa ganin wanda aka kora saboda rubutun Rashanci ba, amma kowa ya san wani da ya san wani. Tsoron ya ishe mu.

Kawu ne ya samo mini aikin nas, shi ya tare mu a filin jirgi. Duk Juma'a bayan masallaci gidansa a Ulaisha muke, mu da ɗaliban jami'a 'yan Najeriya da 'yan Nijar, waɗanda tuwo ke kawowa. Tuwon ni ke tuƙawa. Shi kuma sai ya dage sai ya yi wata miyar kabeji ja wur, ya bi kowa da ludayi. Ɗalibai su karɓa don kunya, su tura kwanon bayan kujera. Ya sani sarai, kuma mako mai zuwa sai ya sake yi. Shayinsa a kofin gilashi yake sha, ba madara, yana lasar jam da cokali a gefe. Ba ya miƙa wa mutum hannu daga bakin ƙofa, sai dai ka shigo ko shi ya fito. Idan wani zai yi tafiya, ko da mota na jira a ƙasa tana hon, sai ya ce, "To, mu zauna tukun." Kowa ya nemi wuri ya zauna shiru, har a kan akwati, kamar minti ɗaya, sannan ya buga gwiwarsa ya miƙe. Na ce Kawu wannan ai camfin arna ne. Ya ce a cikin wannan zaman ne ake tuna fasfo.

Ga faɗa. Idan na ɗaure masa bandeji a kwance sai ya kwance a gaban mara lafiya ya ce in sake, ko da kuwa a falonsa ne ana duba ƙafar ɗan maƙwabta. Ni ma ba na bari, bakina ba ya mutuwa. Yakan ce da a asibitinsa nake da ya mayar da ni wanki. Nakan ce da ni ce mara lafiya da na gwammace ɗorin gida. Ba mu taɓa rabuwa da yamma ba tare da ya cusa wa yarana cakulan a aljihu ba.

Maganar 'yarsa ni kaɗai yake yi wa, sai in muna kicin ina wanke-wanke yana tsaye yana gyara mini yadda ake jera kwanuka. "Yarinyar nan ta gama sakandare." "Yarinyar nan ta fara koyarwa." Wata rana na ce, "Wai Kawu, yarinyar nan ba ta da suna ne?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ke 'yar nan, a ina kika taɓa jin uwarki ta kira sunan yayanki?"

Gaskiyarsa, 'yar fari ce. A danginmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa. Na yi ta yi masa tsiya. Na ce mutum ya shekara bakwai a cikin ƙanƙara, yana cin shinkafa da cokali mai yatsa, amma alkunya ta bi shi har Rasha ta dawo da shi. Ya yi dariya ya ce in wanke bayan tukunya. Ban ƙara tambaya ba. Na ɗauka akwai lokaci, kuma a raina abin burge ni yake yi.

Rigima ɗaya na san an yi da shi ta gaske. A cikin ɗaliban akwai wani magidanci da muke kira Ustaz, mai karatun digiri na uku, mutumin kirki amma ba ya ganin abu ya yi shiru. Wata Juma'a ya shiga ɗakin Kawu ɗauko darduma, ya ga hoto a cikin durowa da aka bari a buɗe. Kawu ne da kwat, kusa da shi Baturiya da farin mayafi, suna sunkuye suna ajiye furanni a gaban wata wuta da ke fitowa daga tsakiyar dutse a ƙasa. Ustaz ya fito da hoton a hannu, fuskarsa ta sauya. Ya ce Dokta wannan mene ne, ai wannan aikin majusawa ne, masu bautar wuta.

Kawu ya karɓi hotonsa, ya goge shi da hannun riga, ya zauna. Ya ce ranar aurensa ce, kuma a can ango da amarya daga wurin ɗaurin aure nan suke fara zuwa. Ya ce sunan wutar vechni agon. Sai ya shiga yi mana karatu, don Kawu in ransa ya ɓaci malami yake komawa. Ya ce agon wuta ce, tsohuwar kalma, har wani likita ɗan Indiya da suke aiki tare ya gaya masa su a tsohon harshensu agni suke cewa, dangi ne tun kaka da kakanni. Vechni kuma daga vek ta fito. Yanzu vek na nufin ƙarni, amma kafin nan tana nufin iyakar kwanan mutum a duniya, kafin nan kuma ƙarfin da ke jikinsa. Daga nan suka ƙera kalmar da suke nufin har abada da ita.

Ustaz ya ce wuta madawwamiya ɗaya ya sani, kuma Allah ya tsare mu da ita.

Kawu ya ce, "Amin. Wannan ta bututun gas ce, Ustaz, akwai ma'aikacin da ke zuwa yana share ta. Su ma sun san za ta mutu. Ban yi sujada ba, ban roƙe ta komai ba. Surukina ya tafi yaƙi matarsa na da ciki, ba a ga gawarsa ba, ba a san inda ya faɗi ba. Matata ba ta da wurin da za ta je ta ce baba na yi aure. Na raka ta."

Ustaz ya ce duk da haka bai halatta ba. Kawu ya ce ya ji, kuma da yau ne da wataƙila ba zai je ba, amma ba zai yaga hoton ba. Ustaz ya tashi ya fita bai ci tuwo ba. Ranar har miyar kabeji sai da aka shanye, don ba wanda ya iya ɗaga kai.

Wata huɗu Ustaz bai taka gidan ba, amma bai kai maganar ko'ina ba, wannan na shaida masa. Sai mota ta buge shi a kusa da unguwar Bataha, cinya ta karye gida biyu. Kawu ne ya yi aikin. Da aka sallame shi, Kawu ya riƙa hawa bene hawa uku a gidansu duk bayan kwana biyu, da ciwon gwiwarsa, yana duba shi, yana lanƙwasa ƙafar Ustaz na ihu. Kowane zuwa kuma da kular miyar kabeji, ya ce ita ke haɗa ƙashi, ya tsaya a kansa sai ya shanye. Ustaz ne ya yi wa Kawu wanka ranar da ya rasu. A kwana ukun zaman makoki bai shiga falo ba, a kan matakala ya zauna da sandarsa.

Wasiƙa tsakanin Kawu da 'yarsa ta Kaduna take bi. Yana da amini tun na makarantar midil, muna kiransa Baban Kaduna. Kawu zai rubuta, ya rufe, ya sa adireshi da Rashanci, ya saka a cikin wata ambulan ya ba mai tafiya gida. Baban Kaduna ya manna kan sarki ya jefa. In amsa ta zo, sai ya jira mai zuwa Umra ko mai dawowa daga hutu. Wasiƙa ɗaya takan ci wata uku, wani lokaci biyar. Ranar da ta iso ana gane Kawu, don sai ya sa turare ya yi ta yi wa kowa faɗa.

Yanzu na zo kan laifina. Gidan Kawu na asibitin da yake aiki ne. Washegarin rasuwa aka aiko cewa bayan la'asar ma'aikata za su zo su ƙirga kayansa su rufe ƙofa, haka ake yi wa duk wanda ya mutu a kan kwangila. Ni ce kaɗai jininsa a ƙasar, makulli na hannuna. Maigidana ya ce, "Maman yara, kin san abin da ke cikin durowar nan. Shi ya kawo ki, sunansa na kan takardunki. In suka gani, khalas, shi ke nan, mu ma mun tafi." Ban yi gardama ba, don ni ma abin da ke raina ke nan tun safe.

Bayan azahar muka je. Durowar cike take: takardar digirinsa, littattafai biyu, hotuna, da wasiƙu a ɗaure da robar bandeji, shekara-shekara, da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da ya cika da rubutun hannunsa. Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba. Na kwashe su a bahon wanki na ƙarfe, na hau da su rufin bene inda ake shanya, rana na dukan tsakiyar kai. Na tsaya da ƙaramin littafin a hannuna na ɗan lokaci. Na san idan akwai adireshi a ciki yake. Ina iya cusa shi a rigata, ba mai laluben mace. Amma na tuna yarana uku da makarantarsu, na ce a raina ai Baban Kaduna ya sani, shekara nawa yana jefa wasiƙun nan. Na ƙyasta ashana. Maigidana yana gadin matakala, ni ina juyawa da sandar mofa har komai ya zama toka, na zuba ruwa na tura a magudana.

Ma'aikatan suka zo su biyu. Suka leƙa ɗakuna, suka rubuta firiji da na'urar sanyi da gado, suka yi mana ta'aziyya, suka karɓi makulli. Ko durowa ɗaya ba su buɗe ba.

Na aika wa Baban Kaduna kaset da labarin rasuwa, na roƙe shi ya sanar da yarinyar. Shiru. Sai bayan wata bakwai da muka je hutu na same shi a zaurensa, ya tsufa, ido ya fara tafiya. Muka gaisa, muka yi kuka, na ce Baba adireshin fa.

Ya ce, "Wane adireshi, 'yata? Ni a rufe yake aiko mini, da wannan rubutu nasu kamar tafiyar kaza. Kan sarki kawai nake mannawa. Na ɗauka yana wurinki."

Na ce to sunanta. Ya ce shekara arba'in suna tare bai taɓa jin ya faɗa ba, shi kuma ina zai tambayi mutum sunan 'yarsa ta fari. Mahaifiyata ma da na tambaye ta, ta ce ta san dai an ce an yi mace.

Sai ya tashi ya shiga ciki ya fito da takarda biyu a ninke. Ya ce wasiƙar yarinyar ce, ta iso wata biyu bayan rasuwar. Na ce ina ambulan ɗin, a bayanta ai ake rubuta adireshin mai aikowa. Ya ce tun farko Kawu ne ya umarce shi, da wasiƙa ta zo ya yage ambulan ya jefa a murhu, kada a kama wani bawan Allah da ita a filin jirgin Jidda. Haka ya yi wa kowace, haka ya yi wa wannan, kafin kaset ɗina ya iso. Ya riƙe amana yadda aka ba shi.

Na sami wani injiniya a Zariya da ya yi karatu a Rasha, na kai masa. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce babu adireshi, babu suna, a ƙasa "'yarka" kawai ta rubuta. Ya ce ko mun je ofishin jakadancinsu a Legas, me za mu ce musu, muna neman wata mace a wani gari. Na je duk da haka. Abin da suka tambaye ni ke nan.

Ya karanta mini a hankali, yana tsayawa yana neman Hausar. Ta ce kakarta ta rasu. Ta ce ta haihu, namiji, an ce goshinsa irin na hoton da ke kan teburinta ne. Ta ce wasiƙa biyu ke nan ba amsa, ta san hanya na da nisa, amma bai taɓa daɗewa haka ba. Daga nan injiniyan ya ce Hajiya ko in bar sauran. Na ce ya ƙarasa.

"Mama ta sha gaya mini wata rana za ka gaji ka daina, ni kuma ina ce mata ba ta san ka ba. Idan na yi maka laifi ka faɗa mini. Idan wannan ma ba ka amsa ba, ba zan ƙara damunka ba, zan san ita ce mai gaskiya."

Mun ƙara shekara biyu a Riyad. Duk wanda ya dawo daga gida sai na tare shi in tambaya ko Baban Kaduna ya ba shi saƙo. Wata wasiƙar ba ta ƙara zuwa ba, ta cika alkawarinta, a nan ma ubanta ta gado. Na gwammace ta tsine mini a kan wannan shirun, amma ba ta ma san akwai ni ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa a duk layin da yake. Ni kuma a roƙa mini gafara. Na rubuta wannan da Hausa, harshen da ba ta ji, ga mutanen da ba za su taɓa haɗuwa da ita ba, don ba ni da inda zan kai shi. 'Yar'uwa, mamanki ba ta yi gaskiya ba. Bai gaji ba, mutuwa ya yi.